Teburin mai jarida a kakar zaɓe: bitar hidimar da na shafe wata goma sha shida ina biya

A bakin wani babban titi a Kano, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya, akwai teburin mai jarida wanda na fara zama a gefensa a ƙarshen watan Satumba na 2022, lokacin da aka buɗe yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, ban kuma daina zuwa ba sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan kujerar gwamnan Kano a ranar 12 ga Janairu, 2024. Tebur ne na katako da aka ɗora wa jaridu, kowace an danne ta da dutse saboda iska, ga benci biyu a gefe, ga kuma igiya da aka ɗaure tsakanin bishiyar da turken fitila inda ake rataye mujallu. Mai teburin dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, kuma hidimarsa kashi uku ce: yana sayar da jarida ga mai son tafiya da ita gida, yana ba da hayar karatu ga mai son zama a benci ya duba duk abin da ke kan teburin, sannan yana da zauren WhatsApp inda yake tura hotunan shafukan farko na jaridun ranar ga waɗanda suka biya kuɗin wata. Na yi amfani da duka ukun, amma hayar karatun ce ta fi cin kuɗina da lokacina, kuma ita ce nake ganin ta cancanci a yi magana a kanta da tsawo.

Kuɗin zama a benci a wancan lokaci naira 100 ne, wanda bai kai rabin kuɗin jarida guda ba, kuma da shi mutum yana iya ɗaukar jarida bakwai ko takwas ɗaya bayan ɗaya, muddin bai yaga ba, bai kuma naɗe ta yadda za ta ƙi sayuwa ba. Wanda ya tsaya a tsaye ya karanta kanun labarai kawai ba ya biyan ko sisi, kuma waɗannan 'yan karatun kyauta su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi kowa ɗaga murya. Ta fuskar kuɗi dai babu abin ƙorafi. A watan Fabrairu na 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi wuyar gani, mai teburin ya buɗe littafin bashi ya riƙa rubuta sunayenmu, bai hana kowa zama ba, kuma wannan halin ya sa na ƙara ganin girmansa.

Abin da ake saye a wannan teburi ya wuce labari, domin labari a yau yana cikin wayar kowa tun kafin motar jarida ta iso. Abin da ake saye shi ne damar ganin jaridu a jere, kafaɗa da kafaɗa, suna ba da labarin abu ɗaya da baki daban daban. Mutumin da yake sayen jarida guda kullum tamkar alƙali ne da ya saurari shaida ɗaya ya rufe shari'a, kuma a kakar zaɓe wannan shaidar yawanci tana da ubangida. Ranar da na fara fahimtar haka sosai, wani babban gangamin siyasa ne aka yi a wata jiha, washegari kuma na tarar da shi a jaridu uku kamar gangami uku ne daban. Ɗaya ta sa hoton da aka ɗauka daga sama, filin ya cika ya batse, ta ba shi rabin shafin farko. Ta biyu ta sa hoton ɗan takarar shi kaɗai yana share gumi, kanunta kuma ya tsaya kan wani tuntuɓen harshe da ya yi. Ta uku ba ta ce komai a shafin farko ba, sai can ciki na tsinci labarin a wani ɗan lungu kusa da tallar fili. Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin da ƙarya ce da an kama ta cikin sauƙi.

Mai teburin yana da wata ƙarin hidima da ba ya karɓar kuɗinta, wato sanin wanda ya mallaki kowace jarida. Idan baƙo ya ɗauki wata ya fara girgiza kai, sai ka ji ya ce, “Malam, kafin ranka ya ɓaci, ka fara tambayar ta gidan wa ce.” Na bincika abin da yake faɗa na kuma same shi daidai. The Sun ta Orji Uzor Kalu ce, tsohon gwamnan Abiya daga 1999 zuwa 2007, wanda ya zama sanata a APC a 2019. The Nation, wadda ta fara fitowa a 2006, an daɗe ana danganta ta da Bola Tinubu, kuma a zaɓen da shi kansa yake takara ba ta ɓoye inda zuciyarta take ba. Leadership marigayi Sam Nda-Isaiah ne ya kafa ta a 2004, shi kuma da kansa ya nemi tikitin takarar shugaban ƙasa na APC a Disamba 2014, a zaɓen fid da gwanin da Muhammadu Buhari ya lashe a Legas. ThisDay ta Nduka Obaigbena ce, mai gidan talabijin na Arise, kuma a ƙarshen 2022 an yi ta musayar zafafan sanarwa a fili tsakanin editocin gidansa da masu magana da yawun yaƙin neman zaɓen Tinubu, bayan da ɗan takarar ya ƙi halartar zaurukan tattaunawar da tashar ta shirya. Wanda ya san wannan zai karanta labarin Tinubu a jaridun biyu da ido daban, kuma a wannan teburi ne kawai na ga ana haɗa wa mai karatu jarida da tarihin gidanta a kan naira 100.

Akwai wani tsohon ma'aikacin gwamnati da muke kira Baba, wanda ba ya fashin zuwa, shi ne kuma yake tuna mana cewa wannan ɗabi'a ba yau ta fara ba. Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Legas a 1937, ita ce ta zama muryarsa da ta jam'iyyarsa ta NCNC. Obafemi Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a Ibadan a 1949, har yau kuma tana hannun iyalinsa. A Arewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939 a hannun hukuma, New Nigerian kuma ta fito a Kaduna ranar 1 ga Janairu, 1966 a matsayin jaridar gwamnatin Jihar Arewa, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1975, shekarar da ta karɓe kashi 60 cikin ɗari na Daily Times. A Jamhuriya ta Biyu, M.K.O. Abiola yana NPN lokacin da ya kafa Concord a 1980, har da bugunta na Hausa mai suna Amana, ta kuma zama kishiyar Tribune ta Awolowo a ƙasar Yarabawa. A nan Kano ma gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta kafa kamfanin Triumph a 1980, wanda ya riƙa buga Albishir da boko da Alfijir da ajami. Baba yakan ce jaridar Najeriya a gidan siyasa aka haife ta, a can aka yanke mata cibiya, saboda haka mai mamakin ganinta da hular jam'iyya bai san asalinta ba. Ina ganin ya yi gaskiya, sai dai akwai bambancin da ba ya so ya amince da shi: Pilot da Tribune ba su taɓa cewa su 'yan ba-ruwanmu ba ne, kowa ya san bakin wa suke, alhali jaridun yau kusan kowace tana rantsuwa da cewa ba ta da ɓangare.

Bayan 'yan makonni a benci, ido yakan fara gane hanyoyin da son kai yake bi ya shiga labari ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. Babbar hanyarsa ita ce kalmar aikatau da ake zaɓa wa ɗan siyasa. Wanda jarida take so, idan ya yi magana sai a ce “ya bayyana” ko “ya tabbatar”, wanda ba ta so kuwa sai a ce “ya yi iƙirari” ko “ya koka”, ko da maganar tasu iri ɗaya ce. Na gida idan ya soki abokin hamayya an ce ya yi masa raddi, na waje idan ya yi haka an ce ya fusata. Labarin sauya sheƙa ma haka yake: idan ana shigowa jam'iyyar da jarida take ƙauna, dubbai ne suka shigo, ba kuma wanda zai gaya maka wa ya ƙidaya su, idan fita ake yi, to wasu 'yan tsiraru ne da dama ba su da tasiri. Sai kuma “majiya mai tushe” wadda ba ta da suna, wadda a kakar zaɓe take yawaita kamar sauro da damina, kuma abin mamaki kullum tana kawo labarin rikici ne a gidan abokin hamayyar mai jarida. Duk wanda ya taɓa sauraren makaɗin fada ya san wannan tsari, kirari ga ubangida, zambo ga mai neman kujerarsa, illa iyaka shi makaɗin ba ya cewa rahoto yake karantawa.

Talla ita ce hanyar da ta fi muni a ganina, domin ita ce take sa a sayar da shafin farko ɗungurungum. Sau da yawa na ɗauki jarida na ga fuskar ɗan takara ta cika bangonta gaba da baya, sai na buɗe na tarar ainihin shafin farkon yana ciki, na wajen riga ce aka saya aka sa mata. Mai tafiya a mota ko mai karatun kyauta da ya hango daga nesa ba zai san talla ba ce, zai ɗauka jaridar ce ta ga mutumin ya isa labarin ranar. Tsofaffin masu zuwa teburin har yanzu suna tuna tallar da Ayo Fayose, gwamnan Ekiti na lokacin, ya sa a shafin farko na wasu manyan jaridu a Janairu 2015, wadda ta jera hotunan Murtala Muhammed da Sani Abacha da Umaru Musa 'Yar'aduwa, shugabannin da suka rasu a kan mulki, sannan ta sa hoton Buhari da alamar tambaya. Ba editoci ne suka rubuta ta ba, amma su ne suka karɓi kuɗin suka ba ta wuri mafi daraja a jaridarsu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma jaridar da cinikinta ya ragu, takarda da tawada suka yi tsada, ta koma dogaro da tallar gwamnoni da 'yan takara, ba za a yi tsammanin ta binciki mai ciyar da ita da zuciya ɗaya ba. Ƙaramin wakili a jiha shi ma yana da nasa ladan, wato 'yar ambulan da ake miƙawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota, kuma inda albashi yake makara wata da watanni wannan ambulan tana da nauyi a kan alƙalami.

Wani abu da zaman teburin ya sa na lura da shi shi ne yadda ƙofar da ke tsakanin ɗakin edita da ofishin ɗan siyasa take buɗe dare da rana. Olusegun Adeniyi ya bar kujerar editan ThisDay ya zama kakakin 'Yar'aduwa a 2007. Reuben Abati ya bar shugabancin kwamitin sharhi na Guardian ya zama kakakin Goodluck Jonathan a 2011. Femi Adesina yana shugabancin The Sun lokacin da Buhari ya ɗauke shi a 2015, tare da Garba Shehu, tsohon shugaban Triumph ta nan Kano, wanda kafin nan ya yi wa Atiku Abubakar aiki. A 2023 Bayo Onanuga da Dele Alake, dukansu tsofaffin editoci, su ne bakin yaƙin neman zaɓen Tinubu, Dele Momodu mawallafin Ovation kuma yana ɓangaren Atiku. Ban ce wannan laifi ne ba, kowa yana da 'yancin sauya aiki. Amma mai karatu yana da haƙƙin ya tambayi kansa ko maƙalar da yake karantawa yau ra'ayi ce, ko takardar neman aiki ce da aka rubuta da kyakkyawan salo.

Duk da haka zai zama rashin adalci a ce mai jarida ne kaɗai yake juya akalarta. Jarida tana da iyayen gida biyu, mai ita da mai sayenta, kuma wani lokaci na biyun ya fi ƙarfi. Jaridar da kasuwarta take Kudu maso Gabas ba za ta iya yi wa Peter Obi riƙon sakainar kashi ba ko da mai ita ɗan wata jam'iyya ne, kamar yadda jaridar da ake saye a Kano da Kaduna ba za ta kalli tikitin Musulmi da Musulmi, wanda ya taso bayan Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima a Yuli 2022, da idon da jaridar Legas ko ta Inugu za ta kalle shi ba. A nan son kai ba na jam'iyya ba ne, na yanki ne da addini, kuma ya fi wuyar ganewa domin mai karatu yana tarayya da jaridar a cikinsa. Na ga yadda jaridun Kudu da dama suka mayar da Rabi'u Musa Kwankwaso ɗan rakiya, ba a ambatarsa sai a lissafin wanda zai rage wa ƙuri'a, alhali ya samu ƙuri'a 997,279 a Kano kaɗai, jam'iyyarsa ta NNPP kuma ta karɓe jihar. Na kuma ga yadda mu a benci muka riƙa yi wa Obi dariya muna cewa magoya bayansa a intanet kawai suke, muna watsi da ƙuri'ar jin ra'ayin da gidauniyar ANAP ta sa kamfanin NOI ya gudanar wadda ta nuna shi a gaba. Bai ci zaɓen ba, amma ya samu ƙuri'a 6,101,533, ya kayar da Tinubu a Legas, ya biyo bayan Atiku mai 6,984,520 da Tinubu mai 8,794,726. Kowane ɓangare ya makance a inda jaridunsa da hirarsa suka makance.

Dole in faɗi nawa laifin a nan, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai jaridar da hannuna yake fara kaiwa gare ta kowace safiya, ba don ta fi sauran inganci ba, sai don tana faɗin abin da nake son ji, kuma na daɗe ina kiranta mai gaskiya ina kiran sauran 'yan koren jam'iyya. Mai teburin ne ya farkar da ni, ranar da ya miƙo mini wadda na fi ƙi ya ce, “Malam, kuɗinka na duka ne, kada ka bar mini rabi.” Tun daga ranar na koma farawa da wadda ba na so, kuma sau da dama a cikinta nake samun tambayar da ya kamata a yi wa ɗan takarata wadda jaridar da nake so ta ƙi yi.

Ya kamata a bambanta jaridar da ta fito fili ta ɗauki matsaya da wadda take ɓoye matsayarta a cikin rahoto. A Disamba 2019 Punch ta rubuta sharhin da ta sanar cewa daga ranar za ta riƙa kiran Buhari da muƙaminsa na soja, Manjo Janar, ta kuma riƙa kiran gwamnatinsa da kalmar da ake kiran mulkin soja da ita, saboda abin da ta kira take haƙƙin ɗan Adam da ƙin bin umarnin kotu. Mutum yana iya yarda da ita ko ya ƙi, amma ta faɗa da bakinta a shafin ra'ayi, ta ba da dalili, mai karatu ya san inda ya tsaya da ita. Wannan ya fi mini sauƙin haɗiya a kan jaridar da za ta ce ba ta da ɓangare sannan ta yi wata uku ba ta sa hoton wani ɗan takara yana murmushi ba. Doka kuwa ba ta da dogon hannu a wannan fage. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana a yi amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta kuma ce a ba jam'iyyu dama daidai a cikinsu, gidajen rediyo da talabijin kuma suna ƙarƙashin NBC, hukumar gwamnati mai sa ido a kansu, wadda ta ci tashar Channels tarar naira miliyan 5 a Maris 2023 saboda hirar da ta yi da Datti Baba-Ahmed, abokin takarar Peter Obi. Jarida mai zaman kanta ba ta da irin wannan mai tsaro a kanta, sai kotu idan ta ɓata suna, sai kuma hukumar karɓar ƙorafi da masu gidajen jaridun da editoci suka kafa da kansu a 2023. Ni ban so a ba gwamnati wuƙar yanka jarida ba, domin mun ga abin da dokar soja ta 4 ta 1984 ta yi wa Tunde Thompson da Nduka Irabor na Guardian, waɗanda aka ɗaure saboda labari. Amma idan babu mai tsaro daga sama, nauyin tacewa ya koma kan mai karatu, kuma teburin nan kayan aikin tacewar ne.

Shari'ar gwamnan Kano ce ta gwada hidimar fiye da komai. An zaɓi Abba Kabir Yusuf na NNPP a zaɓen 18 ga Maris, 2023 da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. A ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire wa Abba ƙuri'a 165,663 saboda ta ce takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata, ta ba Gawuna nasara, 'yan sanda kuma suka sa dokar hana fita. Washegari babu tebur babu benci, zauren WhatsApp ne kaɗai ya yi aiki, kuma a ranar na san amfaninsa. A ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta sake yanke hukunci a kan Abba, wannan karon kan batun ko sunansa yana cikin rajistar jam'iyyarsa, sai kuma kwafin hukuncin da aka hatimce ya fito da wani sashe da ya saɓa wa abin da aka karanta a kotu, kotun kuma ta ce kuskuren rubutu ne. A kwanakin nan ne bambancin jaridu ya fito ƙarara a kan teburin. Wasu sun ɗauki saɓanin a matsayin babban labari suka nemi lauyoyi daga ɓangarorin biyu, wasu sun buga sanarwar ɓangare ɗaya kusan kalma da kalma suka kira ta rahoto. Wanda ya karanta guda ɗaya kawai ya tafi gida da tabbacin cewa an yi fashin shari'a, ko kuma da tabbacin cewa ba abin da ya faru sai hayaniyar 'yan siyasa, wanda ya karanta huɗu kuwa ya tafi da tambayoyin da suka dace, har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kotunan biyu ta tabbatar da Abba.

Hidimar tana da nakasu, kuma ba ƙanana ba ne. Zauren WhatsApp shafin farko kawai yake kawowa, shafin farko kuwa shi ne inda son kai ya fi yin kwalliya, domin sau da yawa kanu yana faɗin abin da jikin labarin bai tabbatar ba, sai a sakin layi na shida ka tarar wanda ake zargi ya musanta. Mai dogaro da zauren kaɗai yana samun rabin maganin ne da cikakkiyar cutar. Hotunan ma wani lokaci dishi dishi suke, kuma kafin mai teburin ya kulle zauren yadda shi kaɗai zai iya turawa, wasu sun riƙa cusa hotunan shafukan bogi da aka haɗa da kwamfuta, har wani ya ruɗe ni na kwana guda. Jaridun Hausa a teburin ba su da yawa, Aminiya ta kamfanin Media Trust ce ake samu a kai a kai, ita ma mako mako take fitowa, saboda haka wanda ba ya karanta Turanci ba zai ci ribar kwatancen ba, sai dai ya koma wa sojojin baka na gidajen rediyo, waɗanda su kam ba su ma da'awar adalci. Jaridun intanet irin su Premium Times da TheCable da Daily Nigerian ba su da wuri a kan katako, alhali labarin da ya fi girgiza siyasar Kano kafin zaɓen 2019, wato bidiyon da Daily Nigerian ta saki a Oktoba 2018 da ake zargin gwamna Abdullahi Ganduje da karɓar daloli, zargin da ya musanta, daga intanet ya fito. Wasu jaridun Legas kuma ba sa isowa sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin da ma'aikaci ya riga ya tafi ofis.

Wurin zaman shi ma abin dubawa ne. Benci biyu ba sa isa a ranar babban labari, ƙura da ƙarar babura ba sa barin mutum ya natsu, gardama kuma takan yi zafi har a kai ga nuna yatsa, musamman tsakanin masu jar hula da abokan hamayyarsu. A duk tsawon zamana ban ga mace ta zauna a bencin ba, masu zuwa sukan saya daga cikin mota su wuce, kuma wannan yana nufin rabin masu jefa ƙuri'a ba su da rabo a hidimar da na fi yabawa. Shi kansa mai teburin ba mala'ika ba ne. Na lura jaridar da kanunta ya yi wa jam'iyyarsa daɗi ita take kwana a sama, a tsakiyar tebur inda ido yake fara sauka, wadda ta soke ta kuwa sai an ɗaga biyu kafin a gan ta. Da na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce, “Malam, kowane edita da shafinsa na farko, ni wannan ne nawa.” Bai musa ba, bai kuma gyara ba.

Ga wanda yake da awa guda da safe kuma yana karanta Turanci, ina ba da shawarar hayar benci ba tare da wata tantama ba, musamman daga lokacin zaɓen fid da gwani zuwa ƙarshen shari'o'i, da sharaɗin ya ɗauki aƙalla jarida uku daga gidaje da yankuna daban, ya kuma buɗe ciki ya karanta har inda aka ba wanda ake zargi dama. Zauren WhatsApp kuwa bai cancanci kuɗinsa shi kaɗai ba, sai dai a matsayin ƙari ga mai zuwa teburin, kuma ni na daina biyansa bayan hukuncin Kotun Ƙoli. Na roƙi mai teburin ya riƙa haɗa shafin da labarin ya ƙare a cikinsa da shafin sharhin edita idan zai tura, ya kuma ƙara benci ɗaya a ɗaya gefen bishiyar nesa da masu gardama. Ya ce bencin zai duba, amma ƙarin shafukan sai an ƙara kuɗin data, kuma zai fara tambayar sauran 'yan zauren ko sun yarda kafin kakar zaɓe mai zuwa ta kama.